Albashi da La'ada: Waiwaye a Kan Haraji a Jibiya

Kafin zuwan Turawa, masu sarauta a ƙasar Katsina ba su san albashi ba. Hakimi da dagaci kaso suke ɗiba daga abin da suka tara na kuɗin ƙasa da jangali, su miƙa saura gaba. Abin da ya shigo hannunsu ta hanyar gaisuwa kuwa, babu littafin da ya san da shi.

Wannan tsari ya sauya a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, lokacin da Razdan Palmer ya kafa Baitulmali a Katsina, wanda shi ne na farko a Arewa. Aka yanka wa sarki da hakimai albashi, haraji ya koma shiga taska. Tun daga nan jama'a suka rabu gida biyu a idon hukuma: wanda samunsa ke rubuce, da wanda sai dai a kintata.

Ba inda wannan rabuwa ta fi fitowa fili kamar Jibiya, wadda ta zama bakin iyaka bayan da Ingila da Faransa suka shata tsakaninsu daga 1906 zuwa 1908. A kan hanyar Maraɗi ga ma'aikacin kwastan, ga kuma dillali da ɗan kamasho, dukkansu a kan kaya ɗaya suke cin abinci. Bayan dokokin harajin samu na 1961 da 1962, shi ma'aikaci tun kafin albashi ya iso hannunsa an zare rabon gwamnati. Dokar 1993 kuma ta ambaci garaɓasar da ake ba ma'aikaci cikin abin da haraji ke hawa, watau ita ma albashi ce. Dillali kuwa la'adarsa hannu da hannu ce, haka ma tukuicin da fatake kan ƙara masa in ciniki ya yi kyau. A shari'a duk samu ne, ya kamata ya bayyana da bakinsa. Amma wa ya shaida?

Sai dai kada a ɗauka dillali ya tsira. Shekara da shekaru yana biyan harajin kai wanda ba ruwansa da riba ko faɗuwa, har gwamnatin Balarabe Musa ta soke shi a Jihar Kaduna a 1979, Katsina na cikinta a lokacin. Kuma da aka rufe iyaka a 1984, aka sake rufewa a 2019, albashin ma'aikaci bai tsaya ba, la'ada ce ta ƙafe.