Daga Tabarma Zuwa Ƙofar Zaure

Da can a Figil, idan baki ya karkace, hannu da ƙafa suka saki, sai a ce iska ce ta buge mutum. A shimfiɗa masa tabarma a ƙuryar ɗaki, a kawo rubutu da turare, a hana shi ko da motsi. Ba mu kaɗai ba: asibitocin Turai ma sun daɗe suna kwantar da mai shanyewar ɓarin jiki makonni, har gadon baya ya yi gyambo.

A shekarun 1940 Berta Bobath da mijinta Karel suka fara nunawa a Landan cewa gaɓar da ta mutu tana iya sake koyon aiki. A 1971 kuma na'urar hoton ƙwaƙwalwa ta Godfrey Hounsfield ta ba likita damar ganin ko jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi jini ya malala. Daga nan ra'ayi ya juya: a tayar da majinyaci da wuri. Har aka so a wuce gona da iri. Binciken AVERT na 2015, kan mutum 2,104 a ƙasashe 5, ya gano cewa yawan tayar da su cikin awa 24 na farko bai fi alheri ba: kashi 46 cikin ɗari suka murmure sosai bayan wata uku, alhali waɗanda aka bi da su a hankali sun kai kashi 50.

Wannan ilimi ya iso yankinmu, amma a Garwa yake tsayawa, kusan kilomita 90 daga nan. Abin da ke ci mini rai ke nan. Da hawan jini ya fasa wa kawuna jijiya, mai gashin ƙashi ya koya wa 'yar kawun abin yi kafin a sallame su daga asibiti, sauran aiki kuwa a tsakar gida aka yi shi. Kullum da hantsi takan naɗe yatsunsa a kan kofin shayi, ta zaunar da shi, ta juya shi kada ya kwana a gefe ɗaya. Sannan ta zube masa tsabar sefa a faifai.

"Baba, dala nawa ke nan?"

Yakan daɗe yana kallo, leɓe na rawa. Ba wanda ya gaya mata cewa tunani ma gashi yake so. Ita ta lura ya manta sunan autansa. A wata na huɗu ya dogara sanda ya kai ƙofar zaure, ya amsa sallamar maƙwabci da sunansa.