Wa Ke Samun Wurin Zama? Tarihin Wasan Kwaikwayo da 'Yan Kallonsa Daga Gwandu Zuwa Kalgo

An san Gwandu da alƙalami da takobi. A 1805 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka sauka a garin, kuma da aka raba ragamar mulki a 1812, yammacin daula ya faɗo hannun ƙanensa Malam Abdullahi, marubucin Diya'ul Hukkami da Tazyinul Waraƙati. Malaman jihadi sun yaƙi bori, sun kuma tsawatar a kan tarukan kiɗa da ke cakuɗa maza da mata. Mai duba wannan tarihi zai iya ɗauka cewa wasan kwaikwayo bai taɓa samun gindin zama a wannan ƙasa ba. Ya samu, sai dai ba a cikin gini ba. Tarihinsa a nan, kamar a sauran ƙasar Hausa, tarihi ne na yadda wasa ya taso daga fili ya shiga ɗaki, da kuma mutanen da aka bari a waje.

Tsohon dandamalin Bahaushe shi ne ƙofar gida da dandali da bakin kasuwa. Idan azumi ya kai kwana goma, yara kan fito tashe bayan shan ruwa. Wani ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya layu da sauyoyi ya zama Jatau Mai Magani, 'yan mata kuma su kwaikwayi zaman aure a wasan Mairama da Daudu. A kasuwa akwai 'yan kama, masu shigar malanta suna wa'azi a kan tuwo da miya, ga kuma 'yan gambara da zambonsu. A wasu fadodi ana yin wasan gauta, inda matan gidan sarauta ke kwaikwayon sarki da hakimansa, su nuna masa halin da talakawa ke ciki cikin raha. Bayan girbi samari kan shirya kalankuwa, su naɗa nasu sarakuna da alƙalai na wasa.

Abin lura a duk waɗannan shi ne wasan ke zuwa wurin mutane. Ba tikiti, ba matakala, ba mai gadi. Matar da ke kulle tana tsakar gidanta 'yan mata za su yi sallama su shigo mata da tashe, ta ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Makaho yana bin labarin, domin yawancinsa waƙa ce da amshi da kiɗa. Gurgu yana zaune a sahun gaba, tun da kowa a ƙasa yake. Dandali na da nasa aibi, don akwai wasannin da ke mayar da naƙasa ko karin harshen baƙo abin dariya, amma bai taɓa hana kowa kallo ba. Wannan dabara ta kai saƙo har gida ba baƙuwa ba ce ga malaman daular ma: Nana Asma'u ta horar da mata masu muƙamin jaji a ƙungiyar 'Yan Taru, waɗanda ke ɗaukar waƙoƙin ilimi su kai wa matan ƙauye da ba za su iya zuwa makaranta ba.

Da zuwan boko aka fara rubuta wasa a takarda. Cikin shekarun 1930 Rupert East ya fitar da littafin wasanni shida na Hausa domin makarantu. Malam Aminu Kano ya rubuta nasa tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana sukar zalunci da ha'inci. Tsohon Lardin Sakkwato, wanda Gwandu ke cikinsa, ya ba da nasa kaso tun da wuri: Abubakar Tunau Mafara ya wallafa Wasan Marafa a 1949, sannan Alhaji Dogondaji, ɗan wani gari da ba shi da nisa da Gwandu, ya biyo da Malam Inkuntum a 1954. Daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya zo da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada kuma da Uwar Gulma. Rubutu ya ba wasa tsawon rai da tsari, amma ya canza masu kallo. Wanda ake nuna wa wasa a ɗakin taron makaranta ɗalibi ne, ko malami, ko babban baƙo ranar rabon kyaututtuka. Manomin da ake ba da labarinsa yana can gona.

Gidan kallo na kuɗi ya fara shigowa birane ne ta hanyar sinima. A Kano an buɗe Rex a 1937. A 1951 gobara ta tashi a sinimar El-Duniya, mutum 331 suka rasu, da yawansu a turmutsutsun neman fita. Wannan musiba ta ƙara wa gidan kallo baƙin jini a idon jama'a, ya zama wurin da dattijo ba ya son a gan shi, matar aure kuwa ba ta ko kusantarsa. Majigi, wanda motar gwamnati ke kai wa ƙofar fada kyauta, ya fi samun karɓuwa a garuruwa, saboda ya bi tsohuwar hanya ta fili.

Shekarun 1970 sun nuna hanyoyi biyu. A Legas gwamnatin soja ta kammala Babban Gidan Wasa na Ƙasa a Iganmu a 1976, bisa fasalin wani gini da ke Varna a ƙasar Bulgeriya, domin bikin FESTAC na 1977. An gina babban ɗakinsa don ya ɗauki kimanin mutum 5,000. A Zariya kuwa, a daidai wannan lokaci, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina nata gidan wasan da laka da jinka. Masanin zanen gini Steven Ehrlich ya tsara zagayayyun ɗakuna kewaye da fili, irin tsarin gidan Bahaushe, tare da Michael Etherton na sashen wasan kwaikwayo. A Zariyar ne Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan dandamali, kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Malaman jami'ar, irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah, ba su tsaya nan ba. Sun kwashi ɗalibai zuwa Soba da Maska da Bomo, suka zauna da manoma, suka gina wasa a kan matsalar taki da filaye da bashi, mutanen gari suna shiga ciki suna gyara labarin. Sun gane cewa idan jama'a ba za su zo ɗaki ba, to wasa ya koma gare su.

A ƙetaren iyaka ma haka aka yi. Zamanin Janar Seyni Kunce, ƙungiyoyin samariya a Nijar sun riƙa gasar wasan kwaikwayo da Hausa, kuma Yazi Dogo, ɗan ƙasar Dogondutsi da ke maƙwabtaka da Kebbi, ya yi suna da ƙungiyarsa ta Damagaram. A gida kuwa talabijin ta ɗauke 'yan wasa: Samanja da Kasimu Yero a Kaduna, Karkuzu a Jos, shirin Idon Matambayi a Sakkwato. Da ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset a 1990, sai kallo ya koma cikin ɗaki. Matan kulle sun samu rabonsu, amma an rasa abin da wasan ido da ido kaɗai ke bayarwa: ɗan kallo ya yi magana, ɗan wasa ya ji, ya mayar masa nan take.

Jihar Kebbi, inda Gwandu da Kalgo suke, wadda aka ƙirƙira ranar 27 ga Agusta 1991, ta gaji wannan tarihi duka. Bikin kamun kifi na Argungu da na Uhola a Zuru shaida ne cewa mutanenta na son kallo a fili. Yanzu kuma Kalgo ta zama mazaunin Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ga dubban matasa da ɗakunan taro. A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika a farkon 2024.

Saboda haka duk wanda zai shirya wasa a Kalgo ko Gwandu ko Birnin Kebbi, akwai abin da ke kansa. A yi gangara kusa da matakala domin keken guragu, a bar musu wuri a gaba. A tsayar da mai fassara da maganar hannu inda haske ke kama shi, domin kurame. A samu wanda zai riƙa bayyana wa makafi abin da ke faruwa a kan dandamali. Ƙofofin fita su zama masu faɗi kuma a buɗe, don kada a manta da El-Duniya. A sa wasu wasannin da la'asar, a ware wa mata da yara wurinsu, a kuma gayyaci Sarkin Makafi da Sarkin Guragu tun lokacin shiri, domin su suka san inda takalmin ke matsa wa mutanensu. Bayan an gama a jami'a, a ɗauki wasan a kai shi kasuwar Kalgo da ƙofar fadar Gwandu, kamar yadda 'yan Zariya suka kai nasu Soba. Yawancin waɗannan gyare-gyare ba sa cin kuɗi mai yawa; abin da suke buƙata shi ne mai shirya wasa ya lissafa waɗannan mutane cikin 'yan kallonsa tun kafin ya buga takardar gayyata.