Koyil ɗin Da Ya Cinye Mini Akwatin Wuta: Tarihin Tartsatsin Babur

 Yau ba siyasa za mu yi ba, gareji za mu shiga. Amma ku biyo ni, akwai tarihi a ciki.

A gidanmu akwai wata tsohuwar Honda mai silinda ɗaya. Kakana ne ya saye ta da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin nan da aka yi wa ma'aikata zamanin Gowon, a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da malaman makaranta da akawuna suka cika tituna da sababbin babura da rediyo. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a zaure, ƙura ta rufe ta. Bara na ce sai na tashe ta. Ta tashi kuwa, amma kullum kontak na ba ni ciwon kai. Sai na yi odar akwatin wuta na lantarki, irin mai taransista. Da na ga koyil ɗinta ya tsufa, na shiga kasuwa na sayo sabo fil, na baburan yanzu. Na ɗaura, na buga, ta kama. Ko minti biyar ba a yi ba na ji ƙauri. Akwatin ya ƙone, kuɗina sun bi iska.

Wani dattijon bakanike a unguwarmu ya ɗauki koyil ɗin ya jujjuya, ya ce, "Yaro, ka haɗa auren da ba ya haɗuwa." Wannan maganar ce ta sa na koma karatu.

Matsalar tun asali ɗaya ce. Fetur da iska suna cikin silinda, ana son tartsatsi ya tashi a bakin fulogi daidai lokacin da ya dace. Tartsatsin nan yana son dubban bolt, batir kuwa bolt 6 ne ko 12. A 1902, a kamfanin Robert Bosch na Jamus, wani injiniya Gottlob Honold ya ƙera maginito mai ba da babbar wuta kai tsaye, ba ruwansa da batir. Can a Amurka kuma Charles Kettering ya fito da tsarin batir da koyil da kontak, wanda motar Cadillac ta fara amfani da shi a 1910. Irin wannan tsarin ne a babur ɗin kakana.

Ga yadda yake aiki. Idan kontak ya rufe, wuta na bi ta cikin koyil, koyil ya tara ƙarfin maganaɗisu. Kontak na buɗewa sai ƙarfin ya rushe lokaci guda, babbar wuta ta fita zuwa fulogi. To amma kontak ƙarfe ne da ke buɗewa yana rufewa sau dubbai a minti ɗaya. Bakinsa na ci, tazararsa na canzawa, lokacin wuta ya goce. Shi ya sa bakaniken da yake yawo da 'yar takardar yashi a aljihu.

Daga nan hanya ta rabu biyu, kuma nan ne na faɗi.

Hanya ta farko ita ce CDI. A 1969 Kawasaki ta fito da H1 mai silinda uku ɗauke da shi, a shekarar da Honda CB750 ta fito da kontak ɗinta. Shi CDI yana tara wuta ne a cikin kondansa, ɗaruruwan bolt, sai ya watsa wa koyil ita farat ɗaya. Koyil ba ya ajiye komai, ninka wutar kawai yake yi. Don haka ake yi masa waya mai kauri wadda ba ta tare wuta sosai, yawanci ƙasa da ohm 1. Mafi yawan ƙananan baburan da kuke gani a titi yau haka suke.

Hanya ta biyu ita ce taransista. Kamfanoni irin su Boyer Bransden da Lucas a Ingila sun yi ta ƙera wa masu Triumph da BSA da Norton irin waɗannan akwatuna. Nan kontak kawai aka cire aka sa taransista a gurbinsa, aikin koyil bai canza ba. Saboda haka yana son koyil irin na da: wajen ohm 3 zuwa 5 a babur mai bolt 12, kusan rabin haka a mai bolt 6.

Yanzu mu yi lissafin 'yan sakandare. Bolt 6 a raba da ohm 2, amfiya 3 ke nan, taransista na ɗauka lafiya lau. Bolt 6 a raba da rabin ohm, amfiya 12. Ninki huɗu! Abin da na ɗora wa akwatina ke nan. A ido koyil ɗin biyu kamar Hassan da Husaini, a ciki kowa da zamaninsa.

Don haka idan za ka yi wannan aiki, fara da sanin akwatinka: CDI ne ko taransista? Idan CDI ne, daga batir yake shan wuta ko daga maginito? Duba takardarsa ka ga ohm nawa yake so, ka sa mita a kan ƙananan wayoyin koyil ka auna. Idan kuma tsohon babur ɗin Ingila ne, ka kula, da yawansu kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da jikin babur, akasin na Japan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne dattijon nan. Bai san sunan Kettering ba, amma ya san dalilin kowace waya. Mu kuwa mun taso a zamanin "cire wannan, sa wancan, mu gani". Yaranmu da ke koyon aiki a gareji sun cancanci a nuna musu mita da wannan ɗan lissafin, kafin masu sanin su ƙare.

Na sake sayen akwati, na mayar da tsohon koyil ɗin kakana, wanda ashe lafiyarsa ƙalau. Bugu ɗaya take tashi yanzu.

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.