Ranar da Wazirin Shehu ya yi fushi ya taho Kano

Mai karatu, kwanan baya a majalisar mu ta Badawa wani furodusa ya ke kukan wai labari ya ƙare, shi ya sa ake wankiya daga finafinan Indiya. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ka san abin da ya kawo Malam Abdullahi ɗan Fodiyo Kano?" Sai ya yi tsit.

An haifi Abdullahi wajen 1766. Ƙanen Shehu Usmanu ne, kuma wazirin sa, masanin shari'a na gani-kashe-ni. Da shi aka ci Gobirawa a Tabkin Kwatto a 1804. To amma nasara ba ta kwantar masa da hankali ba. Ya duba ya ga malaman kirki sun yi shahada, waɗanda su ka rage kuwa da yawa hankalin su ya koma kan ganima da dawaki da muƙami. Wajen 1807 sai ya bar rundunar, ya nufi Makka.

Bai wuce Kano ba. Mutanen Sarki Sulaimanu su ka riƙe shi, ya duba ya tarar da irin cutar da ya gudo wa. Maimakon ya ƙara gaba, sai ya zauna ya rubuta masu Diya'ul Hukkam, littafin da ya shimfiɗa wa mai mulki da alƙali iyakar su, ya kuma karantar da tafsiri. Shi da kan sa ya faɗa a Tazyinul Waraƙat cewa har ganguna aka mayar akussan zuba wa dawaki abinci. Mawaƙan fim, ku yi haƙuri, tarihi ne, ba ni na ƙirƙira ba!

Ya koma gida ba tare da ya yi hajjin ba. A 1812 Shehu ya damƙa masa yammacin daula. Da Shehu ya rasu a 1817, Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe masa ƙofa, an yi wa ɗan wan sa Muhammadu Bello mubaya'a. Ka duba fa, mutumin da ya rubuta dokar shugabanci, ga shi a kan doki a bayan ganuwa. Bai zare takobi ba, ya juya.

Sai wajen 1820, da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, sannan baffa ya yi wa ɗa mubaya'a. Ya rasu a Gwandu a 1829.

Da na kai aya, furodusan nan tambaya ɗaya ya yi mani: "To ina za a sa waƙa?"