Daga Kududdufi zuwa Bagauda: Tarihin Fita da Iyali Bakin Ruwa



Mu da ke zaune a Seru da Jugu da Paraku, a arewacin Jamhuriyar Benin, alaƙarmu da Kano ba ta jiya ba ce. Shekaru aru-aru ayarin fatake ke tasowa daga Kano da Katsina, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu, su yada zango a Jugu, sannan su nausa Gwanja sayen goro. Wannan hanya ce ta haifi zangunanmu, kuma har gobe idan wata sabuwar al'ada ta ɓullo a Kano, ba ta daɗewa sai mun ji ƙamshinta a nan. Ɗaya daga cikin waɗannan al'adu ita ce ɗaukar iyali a tafi bakin tafki a wuni ana shaƙatawa. Duk lokacin da Sallah ta gabato, masu sauraron shirina na rediyo sukan bugo waya suna tambayar inda za su kai yara, wasu kuma su ce me ya sa mu ba mu da wuri irin Tiga ko Bagauda. Tambayar ce ta sa na bi diddigin waɗannan wurare biyu, domin kafin mu yi sha'awar abu ya kamata mu san yadda aka same shi, da abin da ya ci, da yadda ya ƙare.

Da farko dai, Bahaushen da bai san ruwa a matsayin wurin hutu ba. Ruwa wurin aiki ne. A tafki ake shayar da dabbobi, a rafi ake wanki, a fadama ake noman rani. Cikin birnin Kano kududdufai ne birjik, ramukan da aka haƙi ƙasar gini daga cikinsu, damina ta cika su. Yara kan saci jiki su je wanka, su dawo gida su sha bulala, kuma iyaye na da hujja: kududdufi na cin yara, ga tsargiya, ga kuma tsoron 'yan ruwa da aka gada kaka da kakanni. Babban ruwa kuwa yana da masu shi. Sarkin ruwa da masunta su suka san inda ke da zurfi da inda kada ke kwana, kuma ba a shiga sai da izininsu.

Wannan ba ya nufin ba a taruwa a bakin ruwa don murna. Ana yin su na gayya idan ruwa ya ja baya, gari guda ya faɗa tafki da koma da gora. Wanda ya fi shahara shi ne na Argungu a kogin Matan Fada, wanda ya ɗauki siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar sulhu ƙasar Kabi. A Madarunfa kusa da Maraɗi, mutane na zuwa gefen tafkin ziyarar kaburburan waliyyai. Amma a duk waɗannan, dalili ne ke kai mutum: kifi, ko ziyara, ko biki. A ce magidanci ya kwashi matarsa da 'ya'yansa, da tabarma da kular abinci, su je su zauna suna kallon ruwa kawai, wannan baƙon abu ne, musamman a garuruwan da matan aure ke cikin kulle.

Abin ya sauya ne bayan 27 ga Mayu 1967, ranar da Janar Yakubu Gowon ya raba Najeriya jihohi 12. Kano ta zama jiha, aka naɗa Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Bako gwamnanta na farko, ya riƙe ta har 1975. Jihar na da yawan jama'a, ƙasar noma ta yi kaɗan, ruwan sama na wata huɗu ne ko biyar, sauran shekara kuma ƙasa a bushe. Audu Bako ya ɗauri aniyar tare ruwan damina a ajiye shi don rani. Aka fara da madatsar Bagauda a ƙasar Bebeji, kudu da Kano, wadda aka raɗa wa sunan sarkin Kano na farko. Sai kuma babbar, wato Tiga, a kan Kogin Kano, wadda aka fara a 1971 aka kammala a 1974. Tsawon bangonta ya kai kimanin kilomita 6, kuma an tsara ta ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Ana cikin aikin ne farin nan na 1972 zuwa 1974 ya afka wa yankin Sahel, shanu suka mutu, mutane suka yi ƙaura daga Nijar zuwa kudu. Duk mai shakkar amfanin dam a lokacin, fari ya ba shi amsa.

To, noma da ruwan sha su ne dalilin gina madatsun. Ruwan Tiga ne ke bi ta magudanai zuwa Kadawa da Kura, inda ake noman alkama da shinkafa da tumatir. Sai dai Audu Bako mutum ne mai son ƙawa. Shi ya gina gidan namun daji na Kano da ke ɗauke da sunansa a yau. Da ya ga an samu manyan tafkuna inda a da babu, sai gwamnatinsa ta gina otal a gefensu: Bagauda Lake Hotel a bakin ruwan Bagauda, da Rock Castle a kan dutse a Tiga, inda mutum ke hango tafkin ya miƙe kamar ba shi da iyaka. Can gaba kuma ga dajin Falgore ga masu son ganin namun daji.

Lokacin ya zo daidai da kuɗi. Farashin man fetur ya tashi a 1973, kwamitin Udoji ya ƙara wa ma'aikata albashi, kamfanin Fijo ya buɗe masana'anta a Kaduna a 1975. Malamin makaranta da akawu suka iya sayen babur, babban ma'aikaci ya sayi mota. Ga kuma Turawa da Kwarori da Indiyawa da ke aiki a masana'antun Bompai da jami'o'i, waɗanda dama sun saba fita ƙarshen mako. Su aka fara gani suna zuwa da ƙugiyar kamun kifi da kwandon abinci. 'Yan boko suka bi sahu, makarantu suka fara kai ɗalibai yawon buɗe ido, gwamnati da jami'o'i suka riƙa shirya taruka a Bagauda. Sannu a hankali yawon Sallah, wanda a da bai wuce kallon hawa da gaishe da dangi ba, ya samu sabon zango a bakin ruwa.

Wani dattijo, tsohon direban babbar mota da ya yi shekaru yana jigila tsakanin Paraku da Kano, ya taɓa kira a shirina ya ba mu labarin ranar da ubangidansa ya tura shi ya kai iyalinsa Tiga. Ya ce abin da bai manta ba shi ne uwargidan, wadda ta haifi 'ya'ya bakwai amma ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarsu ba. Ta tsaya ta yi shiru tana kallo, sannan ta juyo ta ce da shi: "Malam direba, yanzu duk wannan mutum ne ya tara shi?" Ya ce mata, "Hajiya, Allah ne ya saukar, mutum ya tare." A ganina wannan tambaya tata ta fi kowane jawabin buɗe otal bayyana abin da tafkunan suka kawo. Sun buɗe wa mata da yara wata ƙofa ta ganin duniya tare da maigida, abin da tsarin zaman gari bai saba ba su ba.

Amma ruwan da wani ke kallo don nishaɗi, gonar wani ya cinye. Dubban mutane aka tayar daga ƙauyukansu kafin Tiga ta cika, aka sake musu matsuguni, wasu a ƙasar da ba ta kai wadda suka bari albarka ba. Can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, mutane sun dogara ne da ambaliyar damina. Ita ke jiƙa gonakin shinkafa, ta cika tafkunan kifi, ta bar ciyawa ga makiyaya idan ta janye. Da aka tare ruwan a Tiga, daga baya aka ƙara da madatsar Challawa a 1992, ambaliyar ta ragu, ruwan ya koma gudana kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ya ba ciyawar kacala damar toshe hanyoyin ruwa, wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. Mai cin soyayyen kifi a gindin Rock Castle ba ya ganin wannan, amma masuncin Nguru ya san shi a tukunyarsa.

Shaƙatawar ma ba ta ɗore yadda aka zata ba. Kuɗin mai ya ja baya a farkon shekarun 1980, sai ga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi. Ma'aikacin da ke iya cika tanki ya tafi Bagauda ya koma lissafin kwanon masara. Baƙi 'yan ƙasashen waje suka ragu. A daminar 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, ta yi ɓarnar gidaje da gonaki da rayuka. An sake gina ta, amma otal ɗin bai koma yadda yake ba, kuma daga baya aka mayar da wurin reshen Kano na Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya. Inda a da yara ke guje-guje, yanzu ɗalibai ne sanye da baƙi da fari. Rock Castle kuwa ya yi shekaru yana jiran gyara. Gina otal aikin gwamna ɗaya ne, amma kula da shi aikin duk waɗanda suka biyo baya ne, kuma a nan aka samu giɓi.

Abin lura shi ne, gine-ginen sun lalace amma al'adar ba ta mutu ba. Har yau matasa da iyalai da ƙungiyoyin ɗalibai na zuwa Tiga, su shimfiɗa tabarma, su sayi kifi daga hannun masunta, su ɗauki hoto su ɗora a Facebook. Abin da ya rayu shi ne wanda talaka zai iya: inuwa, da iska, da kuɗin mota. Abin da ya mutu shi ne wanda sai da kasafin kuɗin gwamnati.

Akwai kuma maganar da ta fi duk waɗannan nauyi, wato rai. Tafkunan da aka gina sun raba ƙauyuka da kasuwanninsu da danginsu, kwale-kwale ya zama motar dole ga mutanen da kakanninsu ba su san iyo ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, wani jirgin ruwa ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. Ya taso ne daga ƙauyen Badau, akasarin fasinjojinsa ɗaliban Islamiyya ne da ke kan hanyar zuwa Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Lodi ya wuce ƙima, kuma babu rigar kariya. Ranar da na karanta wannan labari a rediyo, iyaye da yawa sun kira, ba don su yi tambaya ba, sai don su yi addu'a. Allah ya jiƙansu.

Yanzu mu dawo gida. Mu ma muna da namu ruwan. Madatsar Okpara ce ke shayar da Paraku, akwai ƙananan madatsu da aka yi don dabbobi da lambu a ƙauyukanmu, ga kuma magangarar ruwa ta Kota kusa da Natitingu da ta Tanugu, inda mutane ke zuwa wanka da hutu. Tun bayan sace Faransawa biyu da kashe ɗan jagoransu a gandun dajin Penjari a watan Mayun 2019, tafiya can arewa ta zama abin da magidanci ke tunani sau biyu kafin ya yi. Saboda haka idanu sun fara komawa kan ruwan da ke kusa da gida, kuma ba mamaki wata rana wani magajin gari ko ɗan kasuwa ya ce zai gina mana tamu Bagaudar.

Idan ranar ta zo, tarihin Kano ya bar mana tambayoyin da za mu yi masa. Ruwan na sha ne, kuma idan na sha ne wa zai hana a ƙazantar da shi? Su wa ke noma da kiwo da su a wurin yanzu, kuma ina za su koma? Wa zai biya kuɗin gyara bayan shekara goma, lokacin da mai ginin ya sauka daga kujera? Mai sayar da ƙosai za ta iya biyan kuɗin shiga ita da 'ya'yanta? Kwale-kwale nawa, mutum nawa kowanne zai ɗauka, rigar kariya nawa, kuma wa zai tsaya a gaɓa ya ce lodi ya isa?

Kafin nan, ga roƙona ga iyaye. Ku fita da iyali, domin yaron da ya ga faɗin ruwa da tsuntsaye da masunta a bakin aiki ya ƙaru da abin da allo ba zai ba shi ba, uwarsa ma tana da haƙƙin shan iska. Amma ku fara neman masu ruwan, ku gaishe su, ku tambaye su inda ake shiga da inda ba a shiga. Kada yaro ya tsoma ƙafa a ruwan da ba ya gudu, saboda tsargiya. Kada ku hau jirgin da ya cika ko da kuwa shi ne na ƙarshe. Kakanninmu da ke tsoron 'yan ruwa sun bar mana ladabin da har yau yake da amfani: ba a shiga ruwa sai an tambayi wanda ya san shi.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya sa mu ga Sallah lafiya. Wassalam.