Jeruwar haske a taurarin Mira

Taurarin Mira manyan jajayen taurari ne da suka tsufa, waɗanda haskensu ke ƙaruwa yana raguwa a zagaye mai tsawon kwana 100 zuwa sama. Sun samo sunansu daga Mira, tauraron da David Fabricius ya lura da shi a 1596, wanda zagayensa ke ɗaukar kimanin kwana 332.

Wani kaso na hasken waɗannan taurari yakan iso duniya a jere, wato igiyoyinsa suna kaɗawa ta fuska guda fiye da sauran fuskoki. Hakan na faruwa ne idan hasken ya bugi ƙura da iskar gas da tauraron ke fesarwa, ya watsu. Da lulluɓin ƙurar zagayayye ne cif, da jeruwar ta soke juna, don haka ganinta shaida ce cewa lulluɓin ya karkace. Yawanta da fuskarta sukan canja tare da zagayen tauraron.

Krzysztof Serkowski, ɗan ƙasar Foland, yana cikin waɗanda suka auna wannan jeruwar a shekarun 1960.