Kwalara, Jiragen Ruwa da Alhazai: Mulkin Bahar Maliya daga 1865 zuwa 1957



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda gwamnatoci suka ɗauki nauyin kula da lafiyar alhazai da tsaron rayukansu a kan Bahar Maliya, tun daga shekarar 1865 har zuwa 1957. Dalilai biyu suka sa na zaɓi wannan batu. Na farko, a wannan teku ne aka gwada yawancin dokokin lafiya na tsakanin ƙasashe waɗanda duniya ta gada. Na biyu, kakanninmu da suka taka zuwa gabas da ƙafa sun yi kiciɓis da waɗannan dokoki a bakin ruwa, kuma sun ɗanɗana zaƙinsu da ɗacinsu. Abin da nake so in nuna shi ne, duk dokar da aka tsara ba tare da an dubi aljihun wanda za ta hau kansa ba, takan kora talaka zuwa ga hatsarin da ya fi wanda aka so a tsare shi daga gare shi.

Bari mu fara da abin da jirgin ruwa mai tururi ya sauya. A zamanin ayari, alhazan Sham da na Masar sukan yi wajen kwana arba'in cikin hamada kafin su isa gida. Idan annoba ta biyo ayari, takan ci wanda za ta ci a hanya, sa'an nan ta mutu kafin a shiga birni. Wato hamada ita ce mai gadin ƙofa, ba tare da an biya ta ko anini ba. Da jirgin tururi ya zo, tafiyar makonni ta koma ta 'yan kwanaki, kuɗin mota ya sauko, talakawan Indiya da na tsibiran Jawa suka soma zuwa da dubbai. Cutar kwalara, wato amai da gudawa, wadda gidanta na asali yake a ƙasar Bangal, ta sami abin hawa mai sauri. Ta fara bayyana a Makka a 1831.

Shekarar 1865 ita ce ta tayar da hankalin Turai. An kiyasta cewa kwalara ta kashe alhazai wajen 15,000 daga cikin 90,000 da suka yi hajjin wannan shekara. Waɗanda suka tsira suka shiga jirage zuwa Suwez, wasu masu jirage suka ɓoye labarin gawarwakin da suka jefa cikin teku, aka ɗebi alhazan a jirgin ƙasa zuwa Iskandariyya. Cikin wata uku cutar ta kashe mutum wajen 60,000 a Masar, ta ƙetara zuwa Marsai ta Faransa, ta bazu cikin Turai, har ta kai Amurka. Saboda haka a 1866 aka kira taron lafiya na ƙasashe a Istanbul, wanda shi ne na uku tun daga na farko da aka yi a Paris a 1851. An shafe wata bakwai ana muhawara, aka tashi a kan cewa daga Indiya cutar take tasowa, kuma aikin hajji shi ne gadarta zuwa Turai. Buɗe mashigin ruwa na Suwez a 1869 ya ƙara wa wannan tsoro ƙarfi.

Daga nan aka gina wa Bahar Maliya ƙofofi biyu. A kudu, Daular Turkawa ta buɗe wurin killace alhazai a tsibirin Kamaran, kusa da gaɓar Yaman, a farkon shekarun 1880. Duk jirgin da ya taso daga Indiya ko Jawa tilas ya tsaya a can, a sauke mutane, a turara kayansu, a tsare su kwanaki, sa'an nan su biya kuɗin wannan hidima daga guzurinsu. A arewa kuma akwai Ɗur, a gindin Sina'i, inda hukumar lafiya ta Iskandariyya take tsare masu komawa Masar da Turai bayan an sauko daga Arfa. A can ne wani likita Bajamushe, Felix Gotschlich, ya gano wani irin ƙwayar kwalara a 1905, wanda ake kiransa da sunan wurin har yanzu.

Ya kamata mu lura cewa killace mai cuta ba baƙon abu ba ne ga Musulmi. Tarihi ya nuna Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham lokacin annobar Amwas, bayan ya yi shawara da sahabbai. Abin da alhazai suka yi kuka da shi a Kamaran shi ne tsada, da wulaƙanci, da ƙarancin ruwa mai kyau, da kuma ganin cewa jiragen fasinja na Turawa da suka taso daga tashoshi ɗaya da su suna wucewa ba tare da irin wannan tsarewa ba.

Ingila kuwa ta daɗe tana jan ƙafa. Yawancin jiragen da ke bi ta Suwez nata ne, kuma kowace rana ta tsarewa hasara ce ga 'yan kasuwarta. Bugu da ƙari, tun bayan boren Indiya na 1857 tana tsoron taɓa abin da ya shafi addinin talakawanta. Don haka ko da Robert Koch ya nuna ƙwayar kwalara a Masar da Kalkata a 1883 da 1884, jami'an gwamnatin Indiya suka ci gaba da musu, suna cewa daga gurɓatacciyar iska da ƙazantar wuri cutar take fitowa. Ga misali a fili na yadda riba take sa gwamnati ta zaɓi ilmin da ya dace da bukatarta.

Wannan ke nan game da cuta. To, ina batun jirgin kansa? A nan ne ake ganin inda zuciyar masu mulki take, domin cunkoso da ruɓaɓɓen jirgi alhaji kaɗai suke kashewa, ba sa ƙetarawa Turai. A watan Yuli na 1880 wani jirgi mai suna Jeddah ya taso daga Singafo, ya biya ta Finan, ɗauke da alhazai fiye da 950. Da suka kusato gaɓar Somaliya cikin Agusta, iska ta tsananta, tukunyar injin ta goce, ruwa ya soma shiga. Sai kyaftin, Joseph Clark, da matarsa da wasu manyan ma'aikata suka sulale cikin ƙaramin kwalekwale, suka bar alhazai da Allah. Wani jirgi ya tsince su ya kai su Adan, inda kyaftin ya ba da labarin cewa jirginsa ya nutse da mutanensa. Kashegari sai ga Jeddah, wani jirgi mai suna Antenor yana janye da shi, alhazai kusan dukansu da ransu, domin su da kansu suka yi ta kwarfar ruwa. Hukuncin da aka yanke wa kyaftin shi ne dakatar da lasinsa shekara uku. Wannan abin kunya ne Joseph Conrad ya gina littafinsa Lord Jim a kai.

Gyara ya zo, amma da tafiyar hawainiya. Daga 1886 zuwa 1893 gwamnatin Indiya ta damƙa jigilar alhazai a hannun kamfanin Thomas Cook, abin bai ɗore ba, don dillalan Bombai sun fi shi araha. A 1893 kwalara ta yi ɓarnar da ba ta taɓa yi ba a Makka, inda aka kiyasta mutuwar fiye da mutum 30,000. Sai taron Paris na 1894 ya tsara ƙa'idoji na musamman ga jiragen alhazai: filin da za a ba kowane mutum, yawan ruwan sha, makewayi, ɗakin jinya, da likita a cikin jirgi. Indiya ta yi tata dokar jiragen alhazai a 1895. Yarjejeniyar Paris ta 1926 ta tattara waɗannan duka, kuma a wannan shekara Ingila, wadda ta kama Kamaran tun 1915, ta ƙulla yarjejeniya da Holan don su tafiyar da wurin killace alhazai na tsibirin tare. Ku lura, nutsewar Titanic a 1912 ta haifar da yarjejeniyar tsaron rayuka a teku cikin shekara biyu kacal, amma jiragen alhazai sai aka ware musu ƙa'idoji masu sassauci, waɗanda aka tsara a Simla a 1931.

Yanzu bari mu dawo ga namu mutane. Hanyar gabas tsohuwa ce, amma ta cika da jama'a bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja mabiya har suka zauna a bakin Shuɗin Nilu. Alhaji yakan bi ta Borno, da Wadai, da Fashir, zuwa Lubayya, inda yake samun jirgin ƙasa. Da yawa sukan tsaya shekaru suna ƙwadago, musamman a gonakin auduga na Jazira bayan 1925, har su tara kuɗin ƙetarawa. Manya kaɗan ne suka bi ta teku tun daga Ikko, kamar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya tafi ta Ingila a 1921. Sauran jama'a, waɗanda ake kira Takari, Sawakin ce ƙofarsu.

A Sawakin gwamnatin Sudan ta ajiye wurin killacewa. Ana bukatar alhaji ya nuna fasfo, a yi masa lambar agana da allurar kwalara, ya sayi tikitin zuwa da dawowa a jirgin tururi, ya biya kuɗin killacewa da na sauka Jidda. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa yana da hujja mai kyau a kan takarda. Amma idan aka haɗa su, sai su fi ƙarfin mutumin da ya shekara biyar yana tsinkar auduga da iyalinsa. Me ya rage masa? Sai ya zame kudu zuwa gaɓar Iritiriya, wajen Musawwa, wadda ke hannun Italiya, ya shiga sambuk, wato ƙaramin jirgin katako mai tafiya da iska, a ƙetare da shi cikin dare zuwa wajen Lis ko Ƙunfuza. A cikin sambuk babu likita, babu ƙidayar mutane, babu wanda zai amsa tambaya in ya kife. Wasu an zubar da su a gaɓar da babu ruwa, wasu kuwa, musamman mata da yara, sun faɗa hannun masu cinikin bayi, domin sai a 1962 aka haramta bauta a Saudiyya. Garin gudun gara aka faɗa gidan zago. Kuma lafiyar jama'a da ake son karewa ita ma ta yi hasara, tun da wanda ya bi ɓarauniyar hanya bai sami allura ba.

Ƙarshen wannan zamani ya zo bayan yaƙin duniya na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gaji tsofaffin yarjejeniyoyi, ta fitar da ƙa'idojinta a 1951. Da Saudiyya ta gina nata wurin killacewa a Jidda, aka soke sharuɗɗan musamman na hajji a 1956, daga 1957 kuma nauyin ya koma hannunta. Jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai sannu a hankali. Sai dai Bahar Maliya ba ta daina karɓar rayuka ba: a Fabrairun 2006 jirgin Al-Salam Boccaccio 98 ya kama wuta ya nutse tsakanin Duba da Safaga, mutum fiye da 1,000 suka halaka, yawancinsu ma'aikatan Masar masu komawa gida.

Ga ɗalibai da ma'aikatan da ke zaune a nan, darasin yana kusa da mu, domin a kan Kwara da Binuwai da tafkin Chadi jama'armu suna shiga jirage kullum, kuma kusan kowace damina muna jin labarin kifewa. Duk wanda aka ba alƙalami ya tsara ƙa'idar lafiya ko ta sufuri, ya kamata ya tambayi kansa abu uku kafin ya sa hannu. Wa wannan doka take karewa? Wa zai biya kuɗinta? Wanda ya kasa biya kuma, wace hanya zai bi? Masu mulkin Bahar Maliya sun amsa ta farko da sauri, sun ɗora ta biyu a kan alhaji, ta ukun kuwa mai sambuk ne ya amsa musu ita.